Sanƙarau da 'Yar Kwalbar da Ake Aikawa Garwa

Ya kai mai karatu, idan ka taɓa kawo yaro asibiti a cikin bazara, jikinsa zafi rau, wuyansa ya sanƙare, to mai yiwuwa ka ji likita ya ce yana so ya ɗebi ruwa kaɗan daga bayan yaron. A nan ne iyaye da yawa suke ja da baya. Uba ya ce, "Likita, ka yi masa allura kawai, amma ban da taɓa baya." Kaka ta ce ai ɗan maƙwabcinsu da aka ɗebi ruwan bayansa har yau ba ya ji. Wani kuma ya tambaya, ko da a ransa ne: ina ake kai ruwan nan, kuma wa yake amfana da shi? Akwai ma waɗanda suke jira dare ya raba su sulale da marar lafiya zuwa gida.

Waɗannan tambayoyi ba na wauta ba ne, kuma ka cancanci a ba ka amsarsu dalla-dalla. Za mu bi 'yar kwalbar nan tun daga gadon yaro har inda take zuwa, ka ga abin da aka koya daga gare ta. Za mu kuma faɗa maka inda binciken likitoci ya taɓa kauce hanya, da abin da kake da ikon tambaya idan wani ya zo maka da takarda yana neman ka sa hannu.

Cutar kanta

Ƙwaƙwalwa, da lakar da ta sauko daga gare ta ta cikin ƙashin baya, suna lulluɓe da wani tantani. Sanƙarau shi ne kumburin wannan tantanin idan ƙwayar cuta ta shiga. Ƙwayoyin da suke kawo shi iri-iri ne, amma wadda take haddasa annoba a ƙasarmu ita ce wadda likitoci suke kira meningokok. Wani likita a birnin Biyana, Anton Weichselbaum, shi ya fara ganinta a 1887.

Abin mamaki game da ita shi ne, mutane da yawa suna ɗauke da ita a maƙogwaro, lafiyarsu lau. A cikin mutum goma ana iya samun ɗaya. Tana wucewa daga wannan zuwa wancan ta tari, da atishawa, da kwana a cunkushe a ɗaki ɗaya. A wurin 'yan kaɗan ne kawai take kutsawa cikin jini ta kai ga ƙwaƙwalwa. Idan kuwa ta kai, ba ta jira. Yaron da ya yi wasa da safe yana iya fita hayyacinsa kafin asuba. In ba a yi magani ba, tana iya kashe rabin waɗanda ta kama. Ko da magani, wajen ɗaya cikin goma yana rasuwa, galibi waɗanda aka kawo a makare.

Ruwan baya

A cikin tantanin nan akwai ruwa garai-garai kamar ruwan famfo. Babban mutum yana ɗauke da kamar mililita 150, wato bai kai rabin kwalbar lemo ba. Amma jiki ba ya daina yin sabo. A kwana ɗaya yana yin kusan rabin lita, tsohon yana komawa cikin jini. Abin da likita yake ɗiba a jikin yaro bai cika ƙaramin cokali ba, kuma cikin 'yan sa'o'i jiki ya mayar da shi. Ba ɓargo ba ne, ba kuma ruwan haihuwa ba ne, kamar yadda wasu suke faɗa.

Tsoron da ya fi yawa shi ne allura za ta soki laka yaro ya shanye. Ka shafa bayanka ka ji. Laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba, a sama da ƙugu take tsayawa. Allurar kuwa a ƙasa da nan ake sa ta, daidai saitin ƙashin ƙugu, inda ruwa ne ya taru. Shi ya sa ake lanƙwasa yaro, gwiwa ta nufi ƙirji, don ƙasusuwan su buɗe. Aikin ba sabo ba ne. Wani likitan Jamus, Heinrich Quincke, ya fara shi tun 1891.

To, ɗan maƙwabcin da ya kurumce fa? Kaka ba ƙarya ta yi ba, abin da ta gani ta faɗa. Amma duba wa ake ɗibar wa ruwan: wanda sanƙarau ya riga ya kama. Shi kuwa sanƙarau yana barin tabo a jikin kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi: kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin hannu da ƙafa, ko wahalar karatu. Duk gidan da ka ga motar kashe gobara a ƙofarsa, za ka tarar ya ƙone, amma ba motar ce ta ƙona shi ba.

Ba za mu ce maka babu wahala ko kaɗan ba. Yaro zai yi kuka. Babba yana iya yin ciwon kai ko ciwon baya na 'yan kwanaki, kwanciya da shan ruwa suna rage shi. Akwai kuma lokacin da likita da kansa zai ƙi ɗiba, misali idan marar lafiya ya yi nisa a suma, ko akwai ƙurji a wurin, ko jininsa ba ya tsayawa. A kowane hali ba a jinkirta magani don jiran sakamako.

Me ya sa ba za a yi allura kawai a huta ba? Saboda zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da sanƙarau suna kama da juna ƙwarai: zafin jiki, da jijjiga, da suma. Gwajin jini yana iya nuna zazzaɓin sauro alhali sanƙarau yana ɓoye a ƙarƙashi, kuma maganin wannan ba ya taɓa wancan. Idan ruwan ya fito fes, hankali ya ɗan kwanta. Idan ya fito gurɓatacce kamar ruwan wankin shinkafa, likita ya san abin da yake gabansa tun kafin a kai ɗakin gwaji. Wannan amfanin na yaronka ne, a ranar. Amma kwalbar tana da aiki na biyu.

Ina ake kai ta

A Garwa akwai reshen Cibiyar Pasteur ta Kamaru, wadda hedkwatarta take Yawunde. Can ake aika ruwan daga asibitocin arewa. Ƙwayar ba ta jure wahala a wajen jiki, sanyin firiji ma yana kashe ta, don haka akwai wata kwalba ta musamman mai ɗauke da abincinta, don ta isa da rai. A can ana duba ta da madubin likita, ana rainonta ta yi yawa, ana gwada wane magani yake kashe ta, ana kuma tantance jinsinta.

Maganar jinsi ita ce zuciyar al'amarin. Meningokok tana da jinsuna da aka raɗa wa haruffa, kuma shida ne suke yawan kawo cuta: A, B, C, W, X da Y. A jikin marar lafiya duk ɗaya suke, babu likitan da zai bambanta su da ido. Amma allurar rigakafin da aka yi don wannan jinsi ba ta kare mutum daga wancan.

Ga abin da ya faru a nan gida. Shekara da shekaru jinsin A ne yake kawo manyan annoba a wannan yanki, har da wadda ta afka wa lardin Arewa Mai Nisa a 1992. Allurar da aka saba tanada a lokacin ta A da C ce. Sai masu bincike a Garwa, Denis Massenet da abokan aikinsa, suka bi ruwan bayan da aka aiko musu a lokacin sanƙarau na 2007 da na 2008. Sun sami meningokok a jikin mutum 57. Dukansu 57 ɗin jinsin W ne, babu A ko ɗaya. Ka ga ke nan, da an ga yara suna kwanciya aka ruga aka yi wa gari allurar A da C, da an kashe kuɗi, an huda hannun jama'a, cuta kuma tana nan daram.

Jinsin W ba baƙo ba ne ga alhazai. Shi ne ya ɓarke a aikin Hajji na 2000 da na 2001, mahajjata suka koma da shi ƙasashensu. A 2002 ya kama mutum wajen 12,000 a Burkina Faso, fiye da dubu suka rasu. Ɓarkewarsa a aikin Hajjin ce ta sa Saudiyya ta wajabta wa maniyyata allurar da ta haɗa A, C, W da Y. 

Sai kuma a 2010 sanƙarau ya ɓarke a Ngaundare, garin da yake kan tudu mai ruwan sama da yawa, wanda a da ba a lissafa shi cikin wuraren annobar. Da aka gwada, jinsin A ne ya dawo. Cikin shekara uku ƙwayar ta sauya fuska, ta kuma sauya wuri. Ba a gane haka da hasashe. Iyayen da suka yarda aka ɗebi ruwan 'ya'yansu su suka sa aka gane.

Ban da kwalba akwai ƙidaya. Kowane mako asibiti yana aika wa ofishin lafiya na gunduma adadin waɗanda ake zaton sanƙarau ne, ko da babu ko ɗaya sai an rubuta sifili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'auni: idan a mako ɗaya aka sami mutum 3 cikin kowane 100,000, a tashi tsaye. Idan suka kai 10, annoba ce, a nemo allura. A ƙaramin yanki mai mutane ƙasa da 30,000, mutum 5 a mako ɗaya sun isa. Yanzu ka lura: yaron da aka ɓoye a gida, ko aka sulale da shi da dare, ba ya cikin ƙidayar. Yara biyu ko uku irinsa suna iya sa gari ya makara da mako guda wajen samun allura.

Yadda aka gane wurinsa da lokacinsa

Tsofaffi sun daɗe da sanin cewa sanƙarau ɗan rani ne, ruwan farko yana korarsa. Abin da bincike ya ƙara shi ne auna abin. An rubuta babbar annobarsa a arewacin Najeriya tun 1905. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya tattara rahotannin shekaru masu yawa ya zana su a taswira. Sai ya ga annobar tana bin wani zirin ƙasa a kudu da Sahara, inda ruwan sama na shekara yake tsakanin milimita 300 da 1,100. A yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikin zirin, daga Senegal har Habasha. Garwa, da Marwa, da Kusiri, da Yola, da Kano, da Maraɗi duk suna ciki.

A shekarun 1970 wani likitan Ingila, Brian Greenwood, da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka bi wata tambaya: shin da damina ƙwayar ɓacewa take yi? Suka riƙa shafo maƙogwaron masu lafiya rani da damina. Sai suka tarar tana nan tana yawo a tsakanin mutane har da damina, cutar ce kawai take lafawa. Wannan ya sa aka karkata ga cewa busasshiyar iska da ƙurar hunturu da zafin bazara suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, su buɗe wa ƙwayar ƙofa. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu, zafi ya haura 40, leɓe yana tsagewa, hanci yana haɓo, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Maganin ma da gwaji aka zaɓe shi. A lokacin annoba, ƙaramin asibitin ƙauye mai nas ɗaya ba zai iya yi wa mutum hamsin allura sau huɗu a rana ba. A Zariya da wasu wurare aka gwada wata allura mai maiƙo ta kuloramfenikol, aka ga guda ɗaya tana iya wadatarwa, ta kuwa ceci rayuka masu yawa. A 2003 aka kwatanta ta da seftiriyazon a jikin marasa lafiya wajen 500 a yankunan Maraɗi da Damagaram, aka ga ba ta fi shi ba, shi kuma ya fi sauƙin samu. Seftiriyazon ɗin da ake yi wa yaronka a yau, kwana biyar ko fiye, ta irin wannan hanya ya zo. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allurar Disamba 2011

A 1996 aka yi annobar da ba a taɓa rubuta irinta ba. Mutum fiye da 250,000 suka kamu a zirin nan, wajen 25,000 suka rasu. A Najeriya kaɗai waɗanda suka kamu sun haura 100,000. Akwai allurar rigakafi a lokacin, amma tana da rauni uku: ba ta aiki sosai a jikin yara 'yan ƙasa da shekara biyu, ƙarfinta yana raguwa bayan kamar shekara uku, kuma ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaro. Don haka sai annoba ta tashi ake bin ta a baya da allura.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH suka kafa shirin samar da sabuwar allura don jinsin A. Jami'an lafiya na Afirka suka ce in ta wuce rabin dalar Amurka ba za su iya saye ba. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya ɗauki aikin a kan wannan farashi. Aka gwada ta mataki-mataki, da farko a jikin manya kaɗan a Indiya, sannan yara da matasa a Mali, da Gambiya, da Senegal, da Gana. Aka raɗa mata suna MenAfriVac. A Disamba 2010 aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso, da Mali, da Nijar. A Disamba 2011 ta iso lardunan Arewa da Arewa Mai Nisa, aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Idan a lokacin kana cikin waɗannan shekaru, wataƙila kana tuna layin da aka yi a makarantu da ƙofar fada.

Ta yi aiki kuwa? Amsar da ta fi fitowa fili daga maƙwabtanmu na Cadi ta zo. A wannan watan na Disamba 2011 aka yi wa mutum wajen miliyan 1.8 allurar a Injamena da larduna biyu na kusa da ita, sauran ƙasar kuma layi bai kai gare su ba tukuna, ga annoba tana ci. A lokacin sanƙarau na 2012 aka kwatanta. Inda aka yi allura, cutar ta yi ƙasa da kashi 94 cikin 100 a kan inda ba a yi ba. Aka kuma shafo maƙogwaron mutanen wani yankin karkara kusa da Injamena. Kafin allura, mutum 32 cikin 4,278 suna ɗauke da jinsin A. Bayan allura, mutum 1 cikin 5,001. Wannan lissafi na biyu shi ya fi faranta wa likitoci rai, domin ma'anarsa har jariri da dattijon da ba a yi musu allurar ba sun sami kariya, tunda babu mai shafa musu. Tun daga nan annobar jinsin A ta ɓace a ƙasashen da suka yi allurar.

Abin da ya faru a Kano

Ba za a yi maganar bincike da sanƙarau da Hausa a tsallake Kano ba. A cikin annobar 1996 kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa a gwajin, wajen rabinsu aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su seftiriyazon. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da naƙasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, ba a kuma nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka yi shekaru ana shari'a a Najeriya da Amurka, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan waɗannan iyalai ba. Lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi, cutar shan inna kuwa ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A nan Kamaru ma, a 2005 gwamnati ta dakatar da wani gwajin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a Duwala, bayan ƙorafi a kan bayanin da aka yi wa matan da aka sa a ciki da kulawar da aka tanadar musu.

A ganinmu, darasin Kano ba shi ne a guji bincike ba, domin allurar da ta kori jinsin A ita ma a jikin 'ya'yan wasu aka gwada ta. Bambancin yana wurin yadda aka nemi yarda. Don haka ka rarrabe abu uku. Ɗibar ruwa don a san ciwon yaronka, wannan jinya ce. Aika ragowar ruwan Garwa da sa shi a ƙidayar mako, wannan sa ido ne na hukumar lafiya, babu wani sabon abu da ake sa wa yaro a jiki. Na uku shi ne gwajin sabon magani ko sabuwar allura, ko ɗibar jini da shafo maƙogwaron mai lafiya don nazari. Wannan na ukun ba a yin sa sai da yardarka, kuma sai kwamitin da yake duba ɗa'ar bincike ya amince da shi tukuna. Ƙa'idar tana cikin sanarwar Helsinki ta likitocin duniya tun 1964, Kamaru kuma ta kafa dokarta a kan binciken da ya shafi jikin ɗan Adam a 2022.

Idan aka zo maka da irin wannan, dole a yi maka bayani da harshen da kake ji, Hausa ko Fillanci ko wani, ba a miƙo maka takardar Faransanci a ce dangwala nan ba. In ba ka karatu, ka nemi wani naka mai karatu ya zauna ya zama shaida. Ka tambaya: mene ne ake gwadawa, akwai maganin da aka riga aka sani wanda zan iya samu in na ƙi, wace illa ake tsoro, wa zai ɗauki nauyin jinya idan abu ya faru, wa zan nema kuma a ina? Ka karɓi kwafin takardar ka adana. Kana da ikon ka ce a'a, kuma ƙin yardarka ba zai rage ko ƙwayar magani ɗaya daga jinyar da ta kamace ka ba. In ka yarda yau, gobe kana iya janyewa ba tare da ka ba da dalili ba. Izinin Lamiɗo ko na lawan ko na jauro yana buɗe wa masu bincike ƙofar gari, amma bai zama yardarka ba. Haka kuma, ke uwargida, shawara da maigida daidai ne, amma idan jikinki ne, sai an ji daga bakinki. Kuɗin mota da na ɓata lokaci ba laifi ba ne. Kuɗin da ya yi yawa har ya hana ka tunani, shi ne abin yi wa tambaya.

Bai ƙare ba

Da A ya kau, sauran ba su tafi ba. Wani sabon nau'in jinsin C ya kama dubban mutane a Yamai da kewayenta a 2015. A 2017 ya kama fiye da 14,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 1,100, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Jinsin X ya yi ɓarna a Nijar a 2006, a lokacin babu allurarsa sam. Akwai kuma wasu ƙwayoyi biyu da ba meningokok ba, masu kawo sanƙarau ga ƙananan yara a kowane wata na shekara. Rigakafinsu yana cikin alluran jarirai da ake yi a awo, Kamaru ta shigar da ɗaya a 2009, ɗaya a 2011. Wannan kaɗai ya isa dalilin cika katin awon jariri.

Yanzu an samu allurar da ta haɗa jinsi biyar, A, C, W, X da Y. An gwada ta a Mali da Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2023, Najeriya ce ta fara yi wa jama'a a 2024. Wace gunduma za a fara kai wa, kuma yaushe? Kwalaben nan da ƙidayar mako suna cikin abin da ake dubawa a yanke.

Saboda haka wanda aka yi wa allura a 2011 kada ya ce ya gama da sanƙarau. Idan zazzaɓi ya zo farat ɗaya da matsanancin ciwon kai, ko amai, ko wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ko mutum ya ƙi haske, ko ya rikice, ko ya yi jijjiga, ko wasu ɗige-ɗige masu duhu suka fito a fata waɗanda ba sa ɓacewa in an danna, a kama hanyar asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Jariri sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa. A wurinsa ka duba maɗiga ko ta kumbura, ko ya ƙi nono, ko yana wani irin kuka mai tsini, ko jikinsa ya saki. Kada a tsaya tsaga ko ƙaho ko hayaƙi. Kada a tsaya sayen kafso a wurin mai talla, domin ba zai warkar ba, sai dai ya ɓoye ƙwayar gwaji ya kasa ganinta. In kuwa an riga an ba shi wani abu, ka faɗa, ka zo da kwalin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma babu wanda zai yi maka faɗa.

Ranar da aka sallami yaro, za a ba ka ranar dawowa. Ka dawo ko da ka ga ya warware sarai. Kafin ranar, ka gwada shi a gida: ka tsaya a bayansa inda ba ya ganinka, ka kira sunansa a hankali, ta dama sannan ta hagu. Ka lura ko yana tangaɗi in yana tafiya, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya. In ɗan makaranta ne, ka gaya wa malaminsa ciwon da ya yi, ya zaunar da shi a gaba, kada a ɗauki rashin jinsa a kan taurin kai. Abin da ka lura da shi, ka zo da shi a bakinka ranar dawowa, tare da katin asibiti.